Darasi na 7: Juyen Baƙin Mai, da Wata Za Ka Lissafa ko da Kilomita?

Duk wanda ya sayi sabuwar mota mai shan gas, wato dizal, ko a-kori-kura ce irin Hilux ko babbar mota ta ɗaukar kaya, ana ba shi littattafai biyu tare da makulli. Ɗaya littafin mota ne, ɗaya kuma na garanti. Garanti alƙawari ne da kamfani ya ɗauka cewa idan inji ya sami matsala daga ƙira a cikin wani wa'adi, shi zai gyara ba tare da ka biya ba. Amma alƙawarin yana da sharaɗi, kuma babban sharaɗin shi ne juyen baƙin mai a kan lokaci.

A shafin sabis za ka ga lambobi biyu a jere. A ce an rubuta kilomita 10,000 ko wata 6. Bayansu akwai 'yar magana gajeruwa da mutane da yawa ke tsallakewa: duk wanda ya riga zuwa. Ma'anarta, ba kai ke zaɓar wanda ya yi maka daɗi ba. Ranar da ɗayan biyun ya cika, ranar juye ta yi. Wannan adadi misali ne kawai don darasi. Manyan motoci kan yi tafiya mai nisa fiye da haka kafin juye, saboda haka kada ka ari lambar maƙwabcinka. Buɗe naka littafin.

Mota biyu, hanya biyu

Ɗauki motar da ke jigila tsakanin Kano da Legas. Zuwa kaɗai kimanin kilomita 1,000 ne, zuwa da dawowa 2,000. Sawu biyar ke nan ta cinye 10,000, wataƙila wata biyu ma bai cika ba. Wannan direba ba shi da ruɗani, agogon kilomita yake bi.

Wanda ake ji wa tsoro shi ne mai mota ta biyu. Manomi ne, ko ɗan kasuwa. Da kaka motarsa tana kai hatsi Dawanau, bayan nan sai a ajiye ta a gindin bishiya, ana tayar da ita jefi-jefi don a je cikin gari a dawo. Wata shida ya wuce, kilomita 3,000 kacal ta yi. Sai ya ce, "To me zai sa in zubar da mai sabo fil? Ai motar ba ta je ko'ina ba." Maganarsa tana da kamar gaskiya, kuma kuɗin baƙin mai ba wasa ba ne. Sai dai mai yana tsufa ko mota tana tsaye.

Ga yadda abin yake. Idan inji ya huce da dare, raɓa tana taruwa a cikinsa ta gangara cikin mai. A doguwar tafiya inji yana yin zafi sosai, ruwan ya bi iska. A gajeruwar tafiya kuwa ba ya samun wannan zafin, sai ruwan ya zauna. Man gas yana ɗauke da sinadarin farar wuta, idan ya ƙone ya haɗu da ruwa sai ya zama asid mai cin ƙarfe. A cikin baƙin mai akwai magungunan da aka zuba don su kashe wannan asid, amma suna ƙarewa. Haka kuma ɗan gas da bai ƙone ba yana silalewa ta gefen fistin ya tsinka man. Agogon kilomita ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa, shi ya sa kamfani ya sa wa'adin wata.

Aiki mai wahala

Ka ƙara buɗa shafi, za ka tarar da jadawali na biyu na motar da ke aiki mai wahala, kuma tazararsa ta fi gajarta. Abin da suke kira aiki mai wahala shi ne hanya mai ƙura, kaya mai nauyi, gajerun tafiye-tafiye, da barin inji a silo, wato a kunne mota tana tsaye, na dogon lokaci. Ɗan'uwa, duba da kyau, wannan ai aikinmu ne na kullum. Ƙurar hunturu da hanyar burji ta shiga ƙauye sun isa. Ni dai shawarata, mafi yawan motocin kaya a ƙasar Hausa jadawali na biyu ya kamata su bi.

Batun silo yana da muhimmanci. Motar da ta kwana a layin tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, ko tana jiran a buɗe mata a kan iyakar Jibiya da inji a kunne, taya ba ta juyawa amma mai yana ta aiki yana kwasar baƙin hayaƙi. Manyan motoci da yawa suna da agogon awa, wanda ke ƙirga awowin da inji ya yi yana aiki. Idan littafinka ya ba da adadin awa, shi ma ya shiga cikin "wanda ya riga zuwa".

Kada launi ya ruɗe ka. Man injin gas yana yin baƙi jim kaɗan bayan juye, wannan ba laifi ba ne. Abin da zai sa ka garzaya wajen bakanike shi ne ka ga man ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ko ka ga yana ƙaruwa a jikin geji, wato sandar auna mai, alhali ba ka ƙara ba.

Takarda ita ce shaidarka

Ranar da inji ya buga ka je neman haƙƙinka, ba za a tambaye ka ko kai mai gaskiya ne ba. Littafin sabis za a ce ka kawo. Idan aka ga ka tsallake wa'adin wata shida, ko da kilomita bai cika ba, kamfani na iya ƙin biya. Don haka kafin ka kai motar garejin unguwa, karanta takardar garanti ko ka tambayi dila, domin wasu kamfanoni ba sa yarda da juyen da ba a wurinsu aka yi ba. A kowane juye a rubuta kwanan wata, lambar da ke kan agogo, da irin man da aka zuba, kamar 15W-40 idan shi littafin ya ce. A canza filta tare da mai, a sa hatimi, ka karɓi rasit ka adana. Rubutun wasu rasit yana gogewa da zafin mota, to ka ɗauki hotonsa da waya tun yana sabo. Idan ka ba direba mota, ka nemi rasit ɗin da kanka a duk juye.

Aikin aji

1. An yi juye ranar 10 ga Maris, agogo yana kan 48,500. Littafi ya ce kilomita 10,000 ko wata 6. Rubuta lambar agogo da kwanan watan juye na gaba.

2. Ranar 10 ga Satumba agogon wannan mota yana kan 52,000. Za a yi juye ko za a jira? Faɗi dalilinka.

3. Wata mota tana ƙirga mil ne, kuma mil ɗaya kimanin kilomita 1.6 ne. Ta yi mil 5,000. Kilomita nawa ke nan?

4. Zana layi huɗu a littafinka: kwanan wata, lambar agogo, irin mai, sunan gareji. Mai mota ya cike da juyensa na ƙarshe, wanda ba shi da mota ya tambayi wani direba a tasha. A kawo mako mai zuwa.