Shawara ga masu rubuta labarin fasa-ƙwauri tsakanin taurari

'Yan uwa marubuta, kafin ku ɗora wa ɗan fasa-ƙwaurinku kaya, ku fara lissafa nisa. Proxima Centauri, tauraruwa mafi kusa da rana, haske na shafe shekara 4.2 kafin ya isa gare ta. Kwastan na Duniya ya aika takardar kame, amsa sai bayan shekara 8 da 'yan watanni. Don haka dole kowace tasha ta samu alƙalinta da gidan yarinta, kuma nan cin hanci ke samun gindin zama.

Kayan kuma su zama marasa nauyi masu tsada: irin shuka, magani, bayanan sirri. Ba mai ƙona mai don safarar buhunan shinkafa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ɓoye jirgi. Sanyin sararin samaniya ya kai digiri 270 ƙasa da sifiri, jirgi mai inji da mutane kuwa zafi yake fitarwa, na'urar gano zafi za ta hango shi daga nesa. Ku bar jirgin a fili, ku ɓoye kayan a takarda. Amma nauyi na tona asiri: jirgin da aka rubuta tan 500, aka cusa masa ƙarin tan 10, ƙaruwar gudunsa za ta ragu da kusan kashi 2 cikin ɗari, jami'i mai lura zai gane. Dabarar ita ce a zubar da tan 10 na ruwan sha, lissafi ya daidaita. Sai dai ma'aikatan jirgin za su sha ƙishirwa kafin su isa tasha, kuma mai bincike na iya ƙwanƙwasa tankin.