Yadda za ka shiga Dead Space ba ka jefar da hannun gem ba

Shekara da shekaru ban san wani gem ba sai na ƙwallo. Idan na rufe shagon gyaran janareta da nake da shi wajen Ƙofar Ƙaura, sai mu ɗauki hannu da abokai mu yi ta bugawa har a tashe mu. Dead Space kuwa, gem ɗin ban tsoro, a cikin wata tsohuwar na'urar gem ta PS3 da na saya na tarar da shi, mai ita na farko ya bar shi ciki. Daren farko ko rabin awa ban yi ba na kashe. Yanzu sau uku ke nan ina kai ƙarshensa, kuma duk yaron da ya zo ya gwada sai ya miƙo mini hannun yana cewa, "Yaya, wannan ai ba ya buguwa." Yana buguwa, ƙanena. Da ƙafar hagu kuke shigarsa.

Fara da sanin wanda kake juyawa. Kamfanin EA ne ya fitar da gem ɗin a 2008, labarin kuma an kai shi can shekarar 2508. Sunan mutuminka Isaac Clarke, injiniya ne, bai taɓa aikin soja ba. An tura shi da wasu abokan aiki gyaran wani ƙaton kumbon haƙar ma'adinai mai suna Ishimura da aka daina jin ɗuriyarsa, suka isa suka tarar ma'aikatan ciki sun rikiɗe sun zama dodanni. Wato an kira ka gyara, ka je ka tarar ɓarnar ta ninka abin da aka faɗa maka a waya. Duk mai sana'ar hannu ya san wannan. Abin da ya kama ni ke nan tun farko: har makaminsa na farko, Plasma Cutter, kayan aiki ne na yanka ƙarfe da dutse.

A irin wannan gem ana ajiye maka kyamara a bayan kafaɗar mutuminka, kana ganin jikinsa yana tafiya, saɓanin waɗanda bakin bindiga kaɗai kake gani. A nan sun ci moriyar wannan tsari har ƙarshe. Kada ka tsaya neman layin rai a kusurwar talabijin, babu shi. Dubi gadon bayan Isaac, akwai wata fitila doguwa da ta bi ƙashin bayansa. Ita ce ransa. Idan ta cika tana shuɗi-shuɗi, lafiya lau. Tana raguwa tana canza launi, in ta koma ja to ka nemi magani, kuma za ka ga tafiyarsa ma ta canza, yana jan jiki yana nishi. Yawan harsashi kuma a jikin makamin yake fitowa idan ka saita. Ka koya wa idonka zama a bayan mutumin nan. Bayan kwana biyu za ka ji kamar ɗan'uwanka ne ka sa a gaba cikin lungu mai duhu.

Sai babban kuskuren 'yan gem ɗin harbi na PUBG: harbin kai. Sun saba kai ɗaya, magana ta ƙare. A nan in ka fille wa dodo kai, haukacewa yake yi ya taho yana sara ta ko'ina. Gaɓɓai ake yankewa. Gem ɗin ma ya rubuta maka haka da jini a bango tun a babin farko, amma wa ke tsayawa karatu yana gudu? Plasma Cutter na fitar da ɗigon haske uku a jere, kuma ana juya su, a kwance ko a tsaye. Kwantar da su ka yanke ƙafa, ya faɗi ya koma rarrafe, ka samu sarari. Sannan ka tayar da su tsaye ka cire hannuwan. Harbi uku ko huɗu masu kyau sun fi goma a ƙirji. Wanda ya faɗi kuma kada ka yarda da shi, wasu mutuwar ƙarya suke yi. Taka shi da ƙafa. Gawar mutane ma da ka gani a yashe, tattake ta kafin ka wuce, don akwai wani mai fiffike da ke bin gawa yana tayar da ita. Ba daɗin gani, na sani. Gem ne na 'yan shekara 18 zuwa sama, ni ba na kunna shi sai yara sun yi barci.

Maganar kuɗi da kaya. Akwai shago a cikin kumbon, kuma ido zai ja ka ka sayi kowane makami. Kada ka yi. Galibin harsashin da kake tsinta na makaman da ke jikinka ne, in ka kwashi huɗu sai ka tara kaɗan-kaɗan na kowanne, babu mai isarka. Biyu sun wadatar. Sayi sabuwar riga duk lokacin da ta fito, tana ƙara kariya da wurin zuba kaya. Waɗannan ƙananan abubuwa da ake kira Power Node kuma, zuba su a Plasma Cutter da rai a teburin gyara don ƙara musu ƙarfi, amma kullum ka bar ɗaya a aljihu, saboda akwai ƙofofin da sai da shi suke buɗewa, kuma abin da ke ciki yakan biya ka. Ka tuna buɗe jaka ba ya tsayar da gem. Kana lissafin harsashi wani zai faɗo maka ta ramin iska.

Stasis kuwa, abin da ke rage wa abu gudu, mutane na ɓoyonsa kamar kuɗin adashi har su mutu da shi cike. Yi amfani da shi. In kuma ka ɓata, danna sandar dama ta hannun gem ciki, layin haske zai fito a ƙasa ya nuna maka hanya. Ni nakan duba inda ya nuna, sai in fara bin ɗaya hanyar, can kayan suke.

Kada ka buga shi da rana a shago ana hira, injin maƙwabci na ruri. Rabin daɗinsa a kunne yake. Bari sai bayan isha'i, ka kashe fitila, ka sa iyafis in talabijin ɗinka na karɓa. Akwai wuraren da Isaac ke fita inda babu iska, sauti ya ɗauke ɗif, ba ka jin komai sai numfashinsa da bugun zuciyarsa, ga lissafin iskar da ta rage masa yana sauka a bayansa. Dodo zai zo har gabanka ba ka ji takunsa ba. Ranar da na fara isa wurin, uwargida ta taɓa kafaɗata za ta ce ga shayi. Shayin dai a tabarma ya ƙare, kuma har yau ana ba da labarin a gidanmu.

Wuta kuma ka san halinta a garin nan. Duk akwatin sebin, wato na adana inda ka kai, da ka gani a bango, tsaya ka yi, ko da minti biyar da suka wuce ka yi wani. An taɓa ɗauke mini wuta bayan kusan awa guda ban adana ba, ga ni mai gyaran janareta, nawa babu mai. Lokacin hunturu ka riƙa rufe na'urar da ƙyalle in ka kashe, ƙurar Katsina ba ta barin fanka.

Babi 12 ne gaba ɗaya. An sake gina gem ɗin a 2023 don PS5 da manyan kwamfutoci, har Isaac ya samu baki yana magana, alhali a na farkon shiru yake. Ban matsu ba, tsohon ya ishe ni. Abu ɗaya kawai zan gargaɗe ka a kansa: a babi na huɗu za a zaunar da kai kan wata babbar bindiga ka harbo duwatsun da ke tunkaro kumbon. Wurin nan babu tsoro, sai tsabar ɓacin rai. Bi manyan duwatsun tukuna, kada ka danne harbi har bindigar ta yi zafi ta tsaya. Ni sai a gwaji na tara na wuce, kuma hannun gem ɗin da na yi amfani da shi a daren yana nan a shago, da salatif a gefensa.