Yadda na gyara tacewar VLAN a gadar Linux

Da na kunna `vlan_filtering`, wato tace fakitocin bayanai bisa lambar VLAN (lambar da ke raba hanyar sadarwa ɗaya zuwa rukuni-rukuni), a kan br0, gadar da ke haɗa na'urorin cikin sabar tawa da waje, sai na'urar KVM (kwamfutar kwaikwayo da ke gudana a cikin sabar) da ke VLAN 20 ta kasa samun adireshin IP daga DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori adireshi. Na sa `tcpdump -e -i eth0` don leƙa abin da ke wucewa ta eth0, ƙofar gadar ta waje, na ga fakitocin suna shigowa ɗauke da lambar 20 daram, amma ba sa tsallakawa zuwa tap0, ƙofar na'urar KVM ɗin.

`bridge vlan show` ne ya tona asirin. Da zarar an kunna tacewar, kowace ƙofa VLAN 1 kaɗai ta sani, duk fakitin da ya zo da wata lamba kuwa gadar watsar da shi take yi.

Sai na buɗe wa 20 hanya a ɓangarorin biyu, a tap0 kuma na ƙara `pvid untagged` don gadar ta sa wa fakitocin na'urar lambar 20, ta kuma cire ta daga waɗanda ke zuwa gare ta:

`bridge vlan add vid 20 dev eth0`
`bridge vlan add vid 20 dev tap0 pvid untagged`

Nan take DHCP ya amsa. Ita kanta sabar, tunda tana magana a VLAN 20, sai da na ƙara `bridge vlan add vid 20 dev br0 self`, wanda mutane da yawa ke mantawa da shi.

Waɗannan umarnin ba sa tsira idan an sake kunna sabar, don haka na rubuta su a sashen `[BridgeVLAN]` na systemd-networkd, manhajar da ke saita hanyar sadarwa duk lokacin da sabar ta tashi.