Canza daɓen tsohuwar Mustang: kurakuran da na gaji da gani

A Kano na koyi walda da gyaran bodi, inda mota za ta shekara talatin ƙasanta bai ruɓe ba. Sai da na fara aiki a wani gareji a jihar Ohayo ta Amurka na ga abin da ake kira tsatsa. A nan gishiri ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara, shi ke cinye ƙarfe ta ƙasa. Yawancin Ford Mustang na 1965 zuwa 1968 da ake kawo mana, kana ɗaga kafet sai ka hango siminti. Kuma duk sabon shiga da ya sayi irinta, kurakuran wanda ya gabace shi yake maimaitawa.

Babban cikinsu shi ne a ɗauki giranda a yanke daɓen gaba ɗaya a yini guda. Mustang ba ta da shasi dabam da aka ɗora mata bodi. Kamar Peugeot 504 take, jikin ne ƙashin bayanta. Dogayen ƙarafan gaba suna ƙarewa a ƙarƙashin daɓe, na baya su fara can wajen kujerar baya, abin da ya haɗa su shi ne daɓen nan da dokin ƙofa na gefe biyu. Ka cire shi, mota ta saki jiki.

Ni wannan kuskuren ya taɓa cina, kuma har yau ina jin zafinsa. Wata buɗaɗɗiya ce ta 1966, marar rufin ƙarfe, wato ba abin da ke riƙe ta ta sama. Na cire ƙofofi don in ji daɗin shiga, na ɗora ta kan jak huɗu ban duba ko sun daidaita ba, na yanke hagu da dama lokaci ɗaya. Walda ta yi kyau. Ranar da na mayar da ƙofar direba, sai bakinta na sama ya daki bodi, na ƙasa kuwa yatsana yana shiga. Tsakiyar motar ta zauna, ni kuma na kulle ta a haka da hannuna. Ba gyaran hinji da zai yi maganin wannan. Mako uku na yi ina huda waldar da na yi da kaina, sabon daɓe na biyu kuma daga aljihuna ya fito. Mai motar bai ɗaga min murya ba, amma bai sake kawo mana aiki ba.

Tun daga ranar, ƙofofi suna nan a jiki har in gama, su ne ma'aunina. Kafin giranda ta taɓa komai, nakan ɗana bututun ƙarfe mai inci ɗaya a bakin kowace ƙofa ta ciki, in gicciya wasu biyu daga gefe zuwa gefe. In auna daga kusurwa zuwa kusurwa, in rubuta a jikin bodi da alli. Sannan gefe ɗaya nake yi, in kammala, in koma ɗayan. Akwai masu cewa mai rufin ƙarfe ba ta buƙatar tokara. Ni ina tokare ta, ƙarfen ba shi da tsada.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin kasala ce zalla. Ka tambayi kanka, ruwan da ya ruɓar da daɓen ta ina ya shigo? A Mustang na waɗannan shekarun, sau da yawa ba ta ƙasa ba ne. Tsakanin bonet da gilashin gaba akwai raga ta shan iska, ƙarƙashinta akwai akwati da masu harkar ke kira kawul. Ganye da laka suna taruwa a ciki su toshe mafitar ruwa, gindin akwatin ya ruɓe, ruwan sama ya riƙa ɗiga ta bayan dashbod yana jiƙa kafet. Sai ka ga yaro ya sa daɓe sabo fil, ya yi fenti, ya shimfiɗa kafet mai tsada, kawul kuwa ko leƙa shi bai yi ba. Haba ƙanena! An kashe maciji ba a sare kansa ba. Ɗauki tiyo ka zuba ruwa a ragar nan, wani ya kwanta a ciki da tocila. In ya ɗiga, da kawul za ka fara. Na san aiki ne mai ɗaci, sai an cire gilashi da fenda an huda waldar ɗigo fiye da ɗari. To, in ka tsallake shi, ka shirya sake sayen daɓe.

Kada ka yanke tsohon daɓen kafin sabon ya iso. Na kasuwa ba ya zama daidai sai an dasa shi da guduma an rage baki, don haka ɗora shi a kan tsohon, ka zana, ka yanke ƙasa da layin.

Leƙa ƙasa kafin ka yanka: bututun fetur da na birki suna bi ta nan. Cire batir, cire tanki ma, wanda a wannan motar samansa shi ne daɓen but.

Inda daɓe ya hau kan ƙarfen tallafi, huda waldar ɗigo ake yi da dirila, ba ɓamɓara da kurfi ba, kada ka yage abin da za ka ɗora sabo a kai. Wajen mayarwa nakan huda ramuka masu milimita 8, tazarar inci ɗaya da rabi, in matse da sukurori, in cike ramukan da walda ɗaya bayan ɗaya. Inda sabo ya haɗu da tsoho baki da baki nake haɗawa, don ninki yana ɓoye danshi. Doguwar walda kuwa tana murɗe siririn ƙarfe. Wayar walda mai kaurin inci 0.023, ɗiga nan, tsallaka can, bari ya huce.

Masu liƙa faiba da fila a kan rami, ku ji tsoron Allah. A wannan ƙarfen ake ɗaure kujera da bel ɗin da ran mutum ya rataya a kai.

Kada ka goge wurin walda da maganin wanke birki mai kulorin, zafin wuta na mayar da shi guba mai kisa. Asiton, wani ruwan goge maiƙo, ya isa, ka bari ya bushe, ka kawar da tsumman.

Bayan walda, firaima ta ifoksi, wato fentin farko mai kare ƙarfe daga tsatsa, sama da ƙasa, sannan a bi kowace mahaɗa da abin toshe kafa. Tokaran nan kuwa ba na yanke su sai na rufe kowace ƙofa da yatsa biyu na ji ta kama.