Sujada a ƙasar da ba a kaɗa ƙararrawa

Lahadinka ta farko a Saudiyya a bakin aiki za ta same ka. Tun shekarar 2013 ranakun hutu a nan Juma'a ne da Asabar, Lahadi kuwa da ita mako ke farawa. Agogon nan yana gaban na Najeriya da awa biyu, saboda haka lokacin da 'yan Zumuntar Mata ke shiga majami'a da waƙa da ƙarfe takwas a Jos ko Kafanchan, kai goma ta buga maka kana tsakiyar aiki. Ni dai ranar a ɗakin canza kaya na asibiti na ɓuya na share hawaye. Abin da na koya daga lokacin zuwa yau shi zan faɗa wa 'yan'uwa Kirista masu jin Hausa da ke shigowa, ma'aikatan jinya irina, da likitoci, da direbobi, da 'yan'uwa mata masu aikatau a gidaje.

Babu ginin coci ko ɗaya da ake sujada a cikinsa a faɗin ƙasar nan. Doka ta hana bautar da ba ta Musulunci ba a fili, ta hana yi wa Musulmi wa'azi ko raba masa littafi, kuma hukuncin yana iya kaiwa ga ɗauri, daga nan sai tarhil, wato gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Addu'ar da mutum zai yi a ɗakinsa kuwa, gwamnati ta sha faɗin cewa ba ta hana ba. A 2016 an karɓe ikon kame daga hannun 'yan Hai'a, masu aiki irin na Hisbarmu, kuma abubuwa sun yi sauƙi ƙwarai tun daga nan. Amma sauƙi daban, izini a rubuce daban. An sha kama masu taron addu'a a gidaje a shekarun baya. Ka shigo da Littafi Mai Tsarki guda ɗaya naka na kanka, da Littafin Waƙoƙi in kana so. Wanda ya ce ka riƙo masa kwali guda ka kai wa 'yan'uwa, ka ba shi haƙuri. Sarƙar gicciye kuma ta zauna a cikin riga.

Akwai jarrabawar da ta fi shafarmu mu masu jin Hausa fiye da mutumin Filifin ko na Indiya. Sunayenmu Musa ne da Yakubu da Ishaku, Maryamu da Hauwa da Saratu. Bakinmu ya saba da sallama, da "in Allah ya yarda", da "alhamdu lillahi". Ga Hausawa da yawa a Jidda da Makka da Madina, waɗansu kakanninsu ne suka taho aikin Hajji a ƙafa ta Sudan suka zauna, har za ka ji ana kiran iyali da Hausawi. Duk wanda ya ji ka zai ɗauka Musulmi ne kai, ya ja hannunka zuwa sahu da zuciya ɗaya. Wani ejan ma tun a gida zai raɗa maka cewa ka bari a rubuta Musulmi a takarda, wai biza ta fi saurin fitowa, aiki ya fi samuwa.

Kada ka yarda. Katin iƙama, wato katin izinin zama, yana ɗauke da addinin mai shi, kuma abin da aka rubuta shi hukuma ta sani. Wanda takardarsa ta ce Musulmi ne, aka same shi yana addu'a cikin sunan Yesu, ba za a dube shi a matsayin baƙon da ke bin addininsa ba, za a dube shi a matsayin wanda ya yi ridda, wannan kuwa babbar magana ce a nan. In ma ta Allah ta kasance, da wannan takarda za a yanke yadda za a yi da gawarsa. Ko da babu duk wannan, wace irin hidima ce za a fara ta da musun Ubangiji a kan fom? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na san wata 'yar'uwa da ta shekara biyu tana shimfiɗa darduma don idon uwar ɗakinta, ta koma gida da kuɗi amma ba ta da kwanciyar rai. In aka kira ka salla, ka ce cikin ladabi, "Ni Kirista ne, Alhaji, a yi mana addu'a." Ni dai mafi yawan waɗanda na faɗa wa haka mamaki suka yi na ɗan lokaci, muka ci gaba da gaisawa.

To ina za a yi sujadar? A gida mun saba ikilisiya ce ke ɗauke da mu: ƙararrawa ta tashe ka, mawaƙa su ɗaga maka zuciya, fasto ya karanta, dattawa su lura in ba ka zo ba. A nan duk an janye waɗannan, sai a ga abin da ya rage. A Yohanna sura 4, matar Samariya ta tambayi Yesu ko a kan dutsensu ne ake sujada ko a Urushalima, ya nuna mata cewa Uba masu yi masa sujada cikin ruhu da gaskiya yake nema, wurin ba shi ne maganar ba. Na sha jin wa'azin wannan aya tun ina yarinya, amma sai da na rasa benci da bagade na gane ta. Matiyu 6:6 ma ta ce ka shiga ɗakinka ka rufe ƙofa. A Najeriya shawara muke ɗaukarta. A Riyad ita ce tsarin sujadar gaba ɗaya.

Ka sa wa kanka lokaci, in ba haka ba gajiya da waya za su cinye shi. Wani abokin aikina ya ba ni dabarar da na riƙe har yau: kiran sallar Asuba zai tashe ka ko kana so ko ba ka so, to ka mai da shi agogonka, ka tashi ka karanta Zabura ɗaya ka yi addu'a. Maƙwabtanmu sau biyar suke barin abin da suke yi kullum, mu bai kamata sau ɗaya ya gagare mu ba. Matasa sukan kawo mini misalin Daniyel da ya buɗe taga ya yi addu'a duk da dokar sarki. A sake karanta sura 6 aya 10 da kyau. Abin da ya saba yi sau uku a rana a cikin gidansa shi ya ci gaba da yi, bai fita kasuwa ya tara jama'a ba.

Zumunci yana nan, amma ba a tallarsa. Akwai Kirista baƙi masu ɗimbin yawa daga Filifin, Indiya, Habasha, Kenya, Uganda, Masar da Lebanon, kuma da yawa suna haɗuwa ranar Juma'a a gidaje. Ikilisiyar farko ma haka ta yi, Bulus ya gai da wadda ke taruwa a gidan Biriskila da Akila. Kada ka bi mutane kana tambaya a makonka na farko. Baƙo ko da ido makaho ne. Yi aikinka, a san halinka, wani zai gayyace ka. In an gayyace ka, ka bi ƙa'idar masu gida: a shigo ɗaya ɗaya, a rage murya, babu ganga babu lasifika, babu hoto, babu sa adireshi a WhatsApp ko Facebook. Hoto guda na "mun gode Allah da sujadar yau" ya isa ya raba mutum ashirin da abincinsu. Giya haramtacciya ce a ƙasar, don haka Jibin Ubangiji da ruwan inabi na kwali marar sa maye ake yi. Tara kuɗi ba tare da izinin hukuma ba shi ma laifi ne, saboda haka baikonka da zakkarka ka tura su ikilisiyarka ta gida ta banki, ko ka taimaki wanda ka ga yana cikin matsi hannu da hannu.

Waɗanda ke Dammam da Khobar sun fi mu sa'a. Gadar Sarki Fahad mai tsawon kilomita 25 tana kai su Bahrain, inda coci-coci ke buɗe a fili, har da babbar majami'ar Katolika da aka keɓe a Awali a Disambar 2021. Sai dai ka tabbata kana da bizar fita da dawowa a manhajar Absher, da izinin shiga Bahrain, kafin ka hau mota.

Sauran kwana shida fa? A ganina nan ne ainihin hidimar take. Kolosiyawa 3:23 ta ce duk abin da muke yi mu yi shi da zuciya ɗaya kamar Ubangiji muke yi wa. A ƙasar da ba za ka buɗe baki ka yi bishara ba, yadda ka juya tsohon da ba ya iya motsi, da canjin cefane da kika mayar cif, su ne abin da za a karanta. Yarinyar da ke aikatau a gidan Na'aman baiwa ce a baƙuwar ƙasa, magana ɗaya ta alheri aka rubuta mata, amma da ita maigidanta ya warke. Ba don halinta ya sa an yarda da ita ba, da wa zai saurare ta?

'Yar'uwa mai aikin gida, ki ji wannan da kyau, don na ga an yi amfani da ayoyin biyayya an danne mutane. Biyayya ga kafili, wato wanda ya ɗauke ki aiki, tana da iyaka. Dokar ƙasar nan da kanta ta hana shi riƙe miki fasfo, ta ba ki albashinki da ranar hutu a mako. Sauye-sauyen 2021 da suka sassauta canza wurin aiki ba su haɗa da masu aikin gida ba, naku tsarin ta shafin gwamnati na Musaned yake bi, nan ake kai ƙara. Ki haddace lambar ofishin jakadancin Najeriya a Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda tun kafin ki buƙace ta. In maigida ko ɗansa ya neme ki da abin da bai dace ba, Yusufu a gidan Fotifar guduwa ya yi, ya bar rigarsa. Neman haƙƙinki ba tawaye ba ne, yin shiru a kan zalunci kuma ba shi ne tawali'u ba.

Zama da Musulmi ba sabon abu ba ne a wurinmu, da shi muka tashi. Da azumi kada ka ci ko ka sha a fili da rana. Makka ba a yarda wanda ba Musulmi ba ya shiga, akwai alluna a kan babbar hanyar da ta taso daga Jidda da ke nuna inda za ka ratse, haka kewayen Masallacin Annabi a Madina. Kada kwaɗayin gani ko jin Hausarka ya sa ka gwada. Muhawarar addini irin ta Facebook ɗin gida ka bar ta a filin jirgi, don a nan rubutu ɗaya yana kai mutum kotu. Wanda ya tambaye ka me ka gaskata, ka amsa a taƙaice da ladabi kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta koyar, ka tsaya nan.

Ran da kewa ta dame ka, ka tuna ba mu ne muka fara kiran sunan Almasihu a wannan ƙasa ba. A Najran, can kudu kusa da iyakar Yemen, akwai Kirista tun kafin Musulunci, kuma wajen shekarar 523 sarki Zu Nuwas ya hallaka da yawansu saboda sun ƙi barin bangaskiyarsu. Kangon garin, Ukhdud, yana nan ana ziyartarsa. A Jubail kuma an gano kangon wata tsohuwar majami'a a 1986, an kewaye ta da shinge.

Kirsimeti ranar aiki ce kamar kowace rana. In kana son hutu, ka nemi musanyar aiki da wani tun farkon Disamba. Abokan aikina Musulmi ba su taɓa hana ni ba, don ni ma nakan riƙe musu ranar Sallah.