Kukan fambel a Hilux: ka gano mai laifin tukuna kafin ka sayi sabo

Duk mai a-kori-kura, musamman Hilux Vigo ɗin nan da ta cika gari, ya san wannan kukan, ka tada mota da sassafe tana wani kiiiii har maƙwabta su san zaka fita, in inji ya ɗan yi ɗumi tayi shiru, gobe kuma ta sake. Yawancin mutane kai tsaye suke cewa fambel ya mutu, a sayo sabo a ɗaura, bayan ɗan lokaci kuka ya dawo sai a ce ai jabu aka sayar musu. Wani lokacin haka ne, amma sau da yawa bel ɗin ƙara kawai yake kawowa, mai laifin yana gefe yayi shiru abinsa.

Tsofaffin Hilux masu injin 3L da 5L bel ɗinsu rarrabe yake, kuma da hannu ake ɗaure shi, a sassauta altaneta a ja ta baya a ɗaure noti. Vigo kuwa yawanci guda ɗaya ne mai faɗi mai layi-layi a ciki yake zagaye komai. A injin fetur 2TR mai lita 2.7 shi yake juya altaneta da wata-famfo da fanka da famfon sitiyari da kwamfiresan AC, akwai kuma ajasta mai sifirin da take riƙe shi da ƙarfi ita kaɗai. Kada ka haɗa shi da taimin bel fa, wancan a cikin murfi yake a injin dizal 2KD da 1KD, shi 2TR ma sarƙa gare shi.

Toh fara da kunne. Dogon kuka mai tsini wanda yake zuwa lokacin tada mota, ko in ka kunna AC, ko ka murɗa sitiyari har ƙarshe, wannan santsi ne, bel ɗin yana zamewa a kan fuli, wato ƙarfen nan mai juyawa da bel yake hawa kansa, saboda bai ɗauru ba ko kuma nauyi yayi masa yawa. Batir mai rauni ma yana jawo shi, don da safe altaneta sai tayi aikin ƙarfi kafin ta mayar da cajin da kik ya cinye. Shi kuma ɗan cik cik cik ɗin nan da yake bin juyin inji, in ka taka totur ya ƙara sauri, mafi yawa fuli ne guda ɗaya ya kauce daga layi. In kuma gurnani kaji ko ƙarar ƙarfe na goga ƙarfe, manta da bel, boris ne, wato ƙwallayen ƙarfen da fuli yake juyawa a kansu.

Akwai gwajin ruwa, shi nafi yarda da shi don ko sisi ba zaka kashe ba. Samu gorar ruwa ka huda murfin, mota tana silo, ka fesa kaɗan a cikin bel ɗin ta gefen layukan daidai inda zai shiga fuli. In kukan ya ƙaru, matsalar ɗauri ce, ajasta ta gaji ko bel ya cinye. In yayi shiru na ɗan lokaci ya dawo da ruwan ya bushe, ka nemi fulin da ya karkace. In ko a jikinsa, yana nan yadda yake, boris ne. Dan Allah kafin ka leƙa kan inji yana aiki ka cire babbar riga, ka naɗe hannun riga, carbi ma sa shi a aljihu, fankar nan bata da tausayi.

Abin da bana so kwata-kwata shine goga sabulu ko zuba man birki ko baƙin mai wai don ayi maganin kuka. Eh zai yi shiru ka biya makanike ka tafi, amma mai yana kumbura roba, ga ƙurar hunturu ta zo ta manne a kai, bel ɗin da zai iya kai ka wata shekarar ka kashe shi da hannunka.

Yanzu cirewa. Kashe mota, bari ta huce, cire kan batir na nagetif. Kafin ka taɓa komai ɗauki hoto da waya, daga sama da ta gefe, wasu motocin suna da zanen hanyar bel a cikin bonet amma a namu na hannu galibi takardar ta ɓare tuntuni, kuma wlh in ka cire baka ɗauka ba zaka sha mamakin yadda abu ɗaya zai rikita ka. Sa doguwar sifana a kan notin ajasta, a Toyota da yawa lamba 14 ce, ba kwance shi zakayi ba, danna shi zakayi a hankali har hannun ajastar ya motsa bel ya saki, in ka ga notin ne yake son kwancewa toh ɗaya gefen ne. Kana riƙe da sifana ka zare bel daga fuli ɗaya, sannan ka saki a hankali, kada yatsa ya shiga tsakani.

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne mutane suke sauri. Bel baya kai, juya kowane fuli da hannu. Na altaneta da ƙananan da ba sa jan komai su juya sumul, in kaji kaushi kamar akwai yashi a ciki, ko fulin yana ta gudu da ƙara ya ƙi tsayawa, giris ɗinsa ya ƙone. Kama fulin wata-famfo ka girgiza, in yana lilo ko kaga sawun ruwa a ƙasansa ya kusa tafiya. Ajasta kuma danna ta da sifana ka saki, ta tafi ta dawo da ƙarfi ba tare da maƙalewa ba. Aza ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar fuli biyu ka ga ko suna layi ɗaya, sau da yawa bayan an cire altaneta an kai gyara ne ake mayar da ita a karkace ko a manta wani washa. Babban fulin ƙasa na karanshaf akwai roba a tsakiyarsa, in ta saki ɓangaren waje yana zamewa, ja layi da alli daga tsakiya zuwa baki, bayan kayi tafiya ka duba in layin ya rabu biyu. In kana shakka har yanzu, tada inji babu bel na ƙasa da minti ɗaya, yana da sanyi, fitilar batir zata kama ba komai, in ƙarar tana nan toh daga wani wuri take.

Shi kansa bel ɗin kada ka jira sai kaga tsagewa. Na yanzu da robar EPDM ake yinsu, ba sa fashewa kamar na da, cinyewa suke a hankali layukan su yi zurfi har ya zauna a gindin fuli ya daina kamawa. In yana ƙyalli, ko gefensa ya fara zare, ko akwai mai a jiki, canza shi, amma mai ɗin nemo inda yake ɗiga tukuna, sil ɗin gaba ne ko tiyon famfon sitiyari.

Wajen saye tafi da tsohon, kuma karanta lambar jikinsa. In kaga misali 7PK1516, layi 7 kenan, tsawo milimita 1516, kuma na fetur da na dizal ba ɗaya bane. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna zaka samu na kamfanin Bando da Mitsuboshi da Gates, gwada sabon da tsohon gefe da gefe ka ƙirga layukan. Bel na hannu kam ban ga amfaninsa ba. In motar ta ci hanya sosai ni shawarata ka haɗa da ajasta gaba ɗaya, tare suka tsufa.

Ɗaurawa bi hotonka, gefen layuka a kan fuli mai layuka, bayan bel a kan fuli mai santsi, fara daga ƙasa ka bar na sama mai sauƙin kaiwa a ƙarshe. Goge fulikan da buroshi kafin nan. Bayan ka saki ajasta bi kowane fuli da tocila da yatsa, musamman na ƙasa da na AC da ido baya kaiwa, layi ɗaya in ya hau baki cikin mintuna zai yage maka sabon bel. Mayar da batir, tada, kunna AC da fitilu, murɗa sitiyari, ka kalli hannun ajasta, ɗan rawa kaɗan ba laifi amma in tana tsalle akwai saura.

Tsohon in bai tsinke ba jefa shi bayan kujera tare da sifanar. In bel ya katse maka a hanya zaka ga fitilar batir ta kama, a ta fetur sitiyari yayi nauyi, toh tsaya nan take ka kashe, don wata-famfo ta daina juyawa, in kace bari in lallaɓa zuwa gari gaskit zaka ƙona.