Babi na Shida: Rubuta Salsalar Gida Tare da Yaro

Darasi na 1

Ku ɗauko farar takarda da fensir. Kada ku ɗauko biro, don za a yi ta gogewa. Ku zaunar da yaron kusa da ku, shi ma ya riƙe nasa fensirin.

Can ƙasan takardar, a tsakiya, ku rubuta sunan yaron. Ku fara da babban baƙi. Daga saman sunan ku ja layi biyu, ɗaya ya yi dama, ɗaya ya yi hagu. A bakin na dama ku sa sunan mahaifinsa, a bakin na hagu sunan mahaifiyarsa. Madalla, kun yi ƙoƙari.

To, a nan ake tuntuɓe, ku natsu. Kowane suna layi biyu gare shi: uba da uwa. Mahaifin yaron layi biyu. Mahaifiyarsa ma layi biyu. Na sha ganin takarda ɓangaren uba ya cika maƙil har ya kai sama, ɓangaren uwa kuwa fayau, ko ɗigo babu. Ita uwar daga sama ta faɗo?

Ku sa yatsa ku ƙirga. Iyaye 2. Kakanni 4. Iyayen kakanni 8. Kowane hawa yana ninka na ƙasa da shi. In kun ƙirga kakanni kun samu 2 ko 3, akwai layin da ba ku ja ba. Ku goge ku sake, babu abin kunya a ciki.

Mu maimaita: suna ɗaya, layi biyu. Ku faɗa da baki, yaron ma ya faɗa. Haba jama'a, kullum sai an yi magana a kan wannan? Yaron da aka nuna wa dangin uba kaɗai, rabin asalinsa aka ba shi. Ku duba hagun takardarku yanzu, kafin ku juya shafi.

Darasi na 2

Ku tafi da yaron wurin wani dattijo ko dattijuwa a dangi. Yaron ne zai yi tambaya, ku ku rubuta: ina aka haifi wane? Wane harshe yake ji? Mene ne sana'arsa? Sunan da ba a sani ba a bar gurbinsa, kada a ƙirƙira. Kuma a je ɓangaren uwa.

Darasi na 3

Yaron ya kai takardarsa aji, ya dubi ta abokinsa. Za su ga garuruwa da harsuna daban-daban, wani lokaci ma a cikin gida guda. Ku hana shi yi wa sunan kakan wani dariya. A 2002 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Mayu ta zama ranar bambancin al'adu. A iya baje takardun a ranar.

Darasi na 4

Ku sake kwafe takardar da biro, ku adana ta inda ruwa ba zai taɓa ta ba.